Kawu Mai Sauraron Sama

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar kawuna, ƙanen mahaifiyata, ta zo wata Laraba da hantsi, a tsakiyar marka, gero ya kai ƙirji. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa, muka dawo da laka a ƙafa, muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

An zo gaisuwa, ba laifi. Daga Tofa an zo, daga Rimin Gado an zo, har da waɗansu dattawa biyu daga Rijiyar Zaki da suka yi aiki tare da shi a da. Ina zaune kusa da babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ana ce mana ya haƙuri, muna cewa da godiya, har bakinmu ya bushe. Amma kunne ba ya zaɓar abin da zai ji. A tabarmar da ke bayana, da aka shafa fatiha, sai hira ta ɓalle ƙasa-ƙasa.

"Allah ya jiƙan Mai Girgiza," in ji wani.

"Amin. Mutum ne da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba."

"Ban da haƙƙin barcinmu. Ka manta shekarar da ya kwanar da mu a fili, mu da awaki?"

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake rufewa da hannun riga. Wani tsoho ya ce boko ne ya taɓa shi, in ba haka ba da har limanci zai iya. Wani ya tambaya, wannan wayar tagulla da ya ɗaura a ɗorawa fa, cikin gado za a sa ta ko tsuntsaye za a bar wa? Ɗaya daga cikin dattawan Rijiyar Zaki ya juya ya dube su, ya ce, "Kun yi rashi, amma ba ku san na me ba." Bai ƙara ba, ya sa takalmansa.

Na dubi Yaya. Ya ji komai, don na ga jijiyar wuyansa tana motsi, amma bai ɗago ba. Ni ma ban ce uffan ba. Kuma ba wannan ne shiruna na farko a kan Kawu ba.

Ni tela ne, ina da ɗan shago a Tofa, ina noma kamar kowa. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, ban saba da dogon rubutu ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, Kawu ya bar akwatin ƙarfe biyu cike da littattafai, aikin shekara ashirin da ɗoriya, ya ba ni amanar in kai su inda za a karanta su. Ban kai ba. Tunda na kasa kai nasa rubutun, bari in kai nawa, ko da bai kama ƙafar nasa ba.

Da masinja ya fara a jami'a. Daga baya aka mayar da shi ɗakin gwaje-gwaje, yana share-share yana goge na'urori. A can ya haɗu da wani baƙon malami mai wata na'ura da ke zana layi a kan doguwar takarda, dare da rana. Aikin Kawu shi ne ya sake mata takarda kullum da safe. Da wani ne, sai ya sake takardar ya tafi abinsa. Shi kuwa sai ya tambaya, layin nan me yake faɗa? Tambayar nan ce ta bi shi har kabari.

Ya taɓa yi mini bayani a shago, yana jiran in ɗinke masa aljihu. Ya ce can sama da gajimare, sama da inda jirgi yake bi, akwai wata iska mai ɗauke da lantarki, ido ba ya ganinta. Muryar da kake kamawa a rediyo, a gajeren zango, daga wata ƙasa, ba a miƙe take zuwa maka ba. Sama take hawa, ta bugi wannan iska kamar yadda murya take bugun bangon rijiya, sannan ta faɗo maka. In iskar ta canza, murya ta canza. Shi ya sa tasha take tafiya tana dawowa. Fitowar rana tana taɓa ta, faɗuwarta ma haka.

"To ina ruwan wannan da girgizar ƙasar da kake bincike a kai, Kawu?"

"Waɗansu masana suna zaton kafin ƙasa ta girgiza, duwatsun da ke can cikinta suna matsuwa, su saki wani abu ya hau, ya hargitsa lantarkin iska tun daga nan har can sama. In haka ne, sama tana jin labari kafin mu. Wanda ya iya sauraronta zai iya ce wa mutane su fito daga ɗaki."

"To haka ɗin ne?"

"Ban sani ba tukuna."

Amsarsa ke nan. Na ji ta a bakinsa sau ba adadi, ban taɓa jin ya canza ta ba.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida, sai ya ja wayar tagulla daga ɗorawar bayan gida, ta bi ta saman gonar gyaɗa, ta shiga ta tagar ɗakinsa. Ya kafa wani ƙarfe a ƙasa kusa da randa, inda damshi ba ya yankewa. Yana da tsohuwar rediyo da wata 'yar mita mai allura. Bayan kowace salla zai zauna ya kama tasha uku masu nisa, kullum su ɗin nan. Ba labarai yake ji ba, don biyu daga ciki ko harshensu bai sani ba. Ƙarfin muryar yake aunawa. Matarsa, wadda dukanmu muke kira Inna, in ta ji ƙarar ta tashi sai ta ce, "Malam, baƙinka sun iso, a kawo musu fura?" Shi kuma ya ce, "Yau ta gabas tana mura, a dama mata kunu."

Littattafan irin na 'yan firamare ne, masu layi. A saman kowane shafi zai rubuta bisimilla da larabci, da hannunsa mai kyau, kamar na mai rubutun allo. Ƙasa da ita sai boko: kwanan wata, lokaci, da hadari ko garau, ina iska ta nufa, sannan lambar da allura ta tsaya. In ya ji a labarai ƙasa ta girgiza a wani wuri a duniya, sai ya ɗauki jan biro ya rubuta sunan wurin, ya koma baya yana duba kwanakin da suka gabata. In kuma allura ta yi tsalle-tsalle, kwanaki suka wuce ba a ji komai ba, sai ya rubuta kalma ɗaya a gefe: Babu. Na taɓa buɗe wani littafi na ce, "Kawu, ai babu ta fi yawa. Me zai hana ka bar rubuta ta?" Ya karɓe littafin daga hannuna. Ya ce, "Wanda yake rubuta ranar da ya ci kaɗai, ɗan caca ne."

Mutane sukan ce masa, ƙasarmu ba ta girgiza, me ya dame ka? Sai ya ce, su mutanen can ba 'ya'yan Adam ba ne? Shekarar da aka ce ƙasa ta ɗan motsa a wajen Abuja, waɗanda suke yi masa dariya su ne suka cika soronsa, suna tambaya ko allurarsa ta gani. Ya shiga ya ɗauko littafi, ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa a gabansu. Ya ce, "Ba ta ga komai ba." Da ya ce ta gani, wallahi da an yarda, da sunansa ya wanku a ranar. Suka fita suna cewa ashe dai aikin banza ne.

Sunan Mai Girgiza kuwa ga inda ya samo shi.

Da bazara ne, shekarunsa na farko da dawowa gida. An yi wa Yaya haihuwar fari, 'ya mace, suna ya faɗo ranar Juma'a. Tun Litinin allura ta rikice. Da rana tsaka tashoshin nan uku suka ɗauke ɗif, sai shuu kamar ruwa a kan kwano. Talata haka, Laraba haka. Kafin la'asar ɗin Alhamis magana ta gama gari: wai Kawu ya ce ranar Juma'a ƙasa za ta tsage ta haɗiye ƙauyen. Aka fara fito da gadaje da tukwane. Waɗansu suka kora dabbobinsu gona. Wata mata ta goya tsohuwarta a cikin ranar nan mai zafi ta nufi garinsu. Labari ya kai Tofa, waɗanda aka gayyata suka ce a gaishe da mai jego. Ranar suna an yanka rago, an tuƙa tuwo tukunya uku, amma waɗanda suka zo ba su cika tabarma biyu ba. Wanzami ya yi aski a tsaitsaye yana kallon bango. Kafin yamma tuwo ya yi tsami aka zuba wa shanu.

Juma'a ta wuce. Asabar ta wuce. Ko ƙwaryar da ke kan katanga ba ta motsa ba.

A masallaci Liman ya yi nasiha, ya ce gaibu na Allah ne, duk wanda ya ce ya san abin da ƙasa za ta yi gobe ya tuba. Bai ambaci suna ba, amma duk wuya ya juya. Kawu ya miƙe.

"Allah gafarta Malam, gaskiya ka faɗa. Amma ina da tambaya. Wanda ya ga hadari a gabas ya ce a kwashe shanya, gaibu ya sani?"

"Hadari kowa yana ganinsa."

"To ni wani hadarin nake nema in gani, kuma ban gan shi ba tukuna. Ban ce ƙasa za ta tsage ba. Amma an wahala ta dalilina. Ku yafe mini."

Wani daga sahun baya ya ce, "Mun yafe, Mai Girgiza." Aka fashe da dariya a cikin masallaci. Sunan ya zauna.

A gida abin ya fi muni. Ina nan, na je kai wa mai jego kayan barka. Yaya ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin mahaifinsa, abin da bai taɓa yi ba, yana magana a tsaye.

"Baba, ka zaɓa. Ko wayar nan ko mutuncin gidan nan."

"Waya ba ta yi magana ba. Baki ne ya yi."

"Bakin wa?"

Kawu ya ɗago kai. Ya ce, "Nawa."

Ba a daɗe ba Yaya ya kwashe iyalinsa ya koma birni, ya kama kasuwanci, sai salla-salla ake ganinsa. Yarinyar nan kuwa Ta-Girgiza ake kiranta har ta yi aure, sunan yanka ya ɓace. Bayan watanni Kawu ya je wajen tsofaffin abokan aikinsa, suka gaya masa a makon nan rana ce ta yi wani irin tartsatsi, ita ta rikita iskar sama, ba ƙasa ba. Ya dawo ya rubuta haka a ƙarƙashin babun ranar. Bai je ya gaya wa kowa ba. Da magariba ya kunna rediyonsa.

Bazarar bana wata malama ta zo daga jami'a, daga sashen da ya yi aiki. Iyayenta mutanen Barno ne da suka daɗe a Kano. Ɗaya daga cikin dattawan Rijiyar Zakin nan ne ya ba ta labarinsa. Ni na nuna mata gidan, don a shagona ta tsaya tambaya. Ta zauna a tabarma, aka jawo akwati, ta fara buɗe littattafai. Can ta ɗago ta dube shi.

"Baba, babu ranar da ka tsallake?"

"Akwai kwana huɗu. Rasuwar yayata."

Mahaifiyata ke nan. Ban san ya ajiye rediyonsa dominta ba sai a ranar.

Malamar ta ce yanzu da tauraron ɗan'adam ake auna iskar nan, kuma har yau masana ba su daidaita ba, waɗansu sun ce akwai alama kafin girgiza, waɗansu sun ce idon mai nema ne kawai yake ganin abin da yake so. Ta ce abin da ya yi ƙaranci shi ne irin wannan: awo daga wuri ɗaya, da hannu ɗaya, shekara da shekaru, wanda mai shi bai ɓoye kuskurensa ba. Tana so ta jera shi da nasu awon ta gani.

"Amma Baba, ba zan yi maka alkawarin za su nuna wani abu ba."

"Da kin yi, da ban ba ki ba."

Ta so ta tafi da su a ranar. Ya ce a'a, sai ya sa musu lamba, ya rubuta mata ma'anar alamominsa, kada ta sha wahala. Ta ɗauki hoton shafi ɗaya a wayarta, ta bar mini lambarta. Da ta tafi ya dube ni, fuskarsa kamar ta yaron da aka ɗinka wa rigar salla. Ya ce, "Ɗan yayata, kana da babur. In an gama shuka ka kai mata."

Cikin mako uku ya gama sa lamba, da ƙyar, don hannunsa ya fara rawa. Aka yi shuka. Na ce bari a gama noman farko. Aka gama. Na ce bari in rage ɗinkin da ya taru. Sai maimai, sai taki, sai tayar babur. Duk gaskiya ne, kuma duk ƙarya ne. Gaskiyar ita ce hanyar fita daga gidan Kawu ta gaban majalisar 'yan shayi take bi, ni kuwa ban so a gan ni da akwatin Mai Girgiza ɗaure a bayan babur. Ina da shekara arba'in da biyar, ina da 'ya'ya shida, amma tsoron dariya ya hana ni. Saboda wannan tsoron ban gaya wa kowa zancen malamar ba, har Yaya.

Zuwana na ƙarshe yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura. Ya ce, "Ka kai?" Ya san ban kai ba, don akwatunan suna nan a gabansa. Na ce, "Mako mai zuwa, Kawu." Ya ce, "Allah ya kai mu." Ni ya kai ni.

Ranar sadakar uku da sassafe na tafi Tofa in ƙaro goro da tabarmi. Abin da ya faru a bayana, ji na yi daga baya. An so a kwashe ɗakin Kawu don baƙi mata su sami wurin zama. Da aka ja akwati ɗaya sai gindinsa ya buɗe, ashe yoyon marka ya sa ya yi tsatsa, gara ta shiga littattafan ƙasa. Takardu suka zube. A cikin hidima wata ta kwashi waɗansu ta kai madafa, aka naɗe ƙosan sadaka a ciki, aka fita da shi waje. Ƙunshi ɗaya ya faɗa gaban Liman, wanda yanzu ya tsufa ƙwarai. Ya buɗe, sai ga bisimilla a jiƙe da mai. Ya yi salati. Aka kira Yaya. Liman ya ce takarda mai sunan Allah ba a barinta ta wulaƙanta, ko a binne ta a wuri mai tsarki ko a ƙona.

Tun daga kan hanya na hango hayaƙi a bayan gida. Na jefar da babur ban kafe shi ba. An haƙa rami a gindin ɗorawa, daidai ƙarƙashin wayar. Takarda mai damshi ba ta son wuta, sai da aka zuba kananzir. Akwatunan biyu suna gefe, baki buɗe, babu komai a ciki. Yaya yana juya wutar da sanda.

"Yaya, me kuke ƙonawa?"

"Takardun Baba. Yau an naɗe ƙosai, gobe sai a juji za a tsince su."

"Duka?"

"To wanne ne babu sunan Allah a ciki? Nuna mini ɗaya."

"Akwai malamar da take jiran su a jami'a. Kawu ya ce in kai mata."

Sandar ta tsaya. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

"Yaushe ya ce?"

"Tun kafin shuka."

"Tun kafin shuka," in ji shi. "Kai kuma wa ka gaya wa?"

Liman yana tsaye da sandarsa, ya ce a hankali, "Ni waɗanda suka lalace nake nufi." Yaya ya ce, "Malam, ba ka ware ba." Na durƙusa na sa hannu a gefen ramin, na jawo wani bango da bai gama ci ba. Lamba ce kawai a jikinsa, talatin da bakwai, da rubutun hannu mai rawa. Cikinsa ya zama toka.

Ban san abin da ke zuciyar Yaya ba, kuma ba zan ɗora masa abin da ban sani ba. Ko girmama sunan Allah ne kaɗai, ko akwai tuwon sunan nan da ya yi tsami a ciki, Allah ne masani. Idanunsa sun yi ja, amma akwai hayaƙi. Da wuta ta mutu aka mayar da ƙasa, aka daddale, aka sa ƙaya don kada akuya ta taka. An yi komai cikin ladabi. Wannan ne ya fi ci mini rai. Shekara ashirin ana yi wa littattafan nan dariya ba abin da ya same su. Ranar da aka girmama su, ranar suka ƙare.

Kwana biyar ban iya shiga wajen Inna ba. Da na shiga, bayan la'asar ne, tana zaune a ɗakinta cikin takaba. Sai na ji shuu ɗin nan da na sani. Rediyon tana kan tabarma a gabanta, da mitar, an ja wayar ta tagarta. Ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Ta murɗa, ta dubi allura, ta sa hannu a ƙarƙashin jeren kwanukanta ta jawo littafi, ta rubuta. Ta yi haka sau uku, sannan ta kashe.

"Tun da hannunsa ya ƙi, ni nake yi," in ji ta. "Ya koya mini lamba, ɗaya zuwa goma. Kwanan wata shi yake faɗa, in zana yadda ya nuna mini."

Na karɓa na buɗe. Wata huɗu ne a ciki. Lambobin manya-manya, waɗansu sun karkace. Saman shafukan fari fat.

"Inna, babu bisimilla."

"Ni na iya rubuta ta? Da baki nake yi."

Na juya zuwa ranar Laraba. Akwai lamba a asuba. Akwai lamba a azahar, lokacin da muka dawo daga maƙabarta. Babu ranar da ta tsallake.

Ta gyara mayafinta. Ba ta dube ni ba, bango take kallo. Ta ce, "Shekarar sunan nan, ni ce. Ni kaɗai ya gaya wa, kuma abin da ya ce, allura tana yin abin da bai gane ba, zai so ya san ko wani wuri zai motsa. Na je rijiya na faɗa wa maƙwabciya, don bakina ya yi mini ƙaiƙayi. Kafin in sauke tulu magana ta zama ƙasa za ta tsage. Ya sani. Ɗansa ya tambaye shi bakin wa, ina bayan ƙofa ina ji. Shekara ashirin yana amsa sunan da ni na jawo masa, ko sau ɗaya bai tuna mini ba, ko da muna faɗa."

Na ce, "Inna, ke kina ganin gaskiya ne, abin nan nasa?"

"Shi da ya yi shekara ashirin bai sani ba, ni zan sani a wata huɗu?"

Washegari na ɗaure littafin nan ɗaya a leda, na bi ta gaban majalisar 'yan shayi. Wani ya ce ina zuwa da sassafe haka, na ce jami'a, saƙon Kawu zan kai. Ba wanda ya yi dariya. Ashe abin da na ji wa tsoro wata huɗu ke nan.

Malamar ta saurare ni har na gama. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta buɗe wayarta ta nuna mini hoton shafin nan ɗaya, ga hannun Kawu, ga babu guda biyu a gefe. Na tambaye ta ko na Inna zai yi amfani. Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce wata huɗu ba shekara ashirin ba ne. Amma ta ɗauki hoton kowane shafi a gabana, ta mayar mini da littafin, ta haɗa mini da sababbi guda biyar. Ta ce duk wanda ya cika in kawo a makon, kada in jira komai. Na ce to. Ta sake cewa, "A makon."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa wa wani a nan. Allah ya yafe wa Yaya in da abin yafewa, ya yafe mini, don ni na san akwai.

Na isa gida dab da la'asar. Na kai wa Inna sababbin littattafan, na zauna in ja mata layi in rubuta kwanakin wata, don ta huta. Na buɗe shafin farko, na kai biro can sama, inda Kawu yake farawa. Sai na ji ta riƙe mini wuyan hannu.

"Faɗa da bakinka," in ji ta. "Allah yana ji. Kada ka rubuta."

Na faɗa. Ta kunna rediyo.